Allon Asibitin da Ya Kusa Koro Ni Gida Daga Haidarabad

Kabiru ne ya tarbe ni a filin jirgin Haidarabad, riƙe da kwali an rubuta sunana, Auwal, da manyan baƙaƙe. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoton waya. Ya ce shi ɗan Kano ne, ya daɗe a Indiya, kuma shi ke wakiltar mutumin da ya shirya mini takardun makaranta a Kaduna. Bayan doguwar tafiya cikin mutanen da ko gaisuwarsu ban gane ba, jin Hausa a bakinsa ya sa na saki jiki da shi fiye da kima. Ya ɗauki jakata, ya tsayar mana da keke napep, irin namu sak, sai dai direban ya fi na Kawo ganganci.

Ni ɗan Kurmin Mashi ne. Mahaifina ya yi aiki a sakatariya har ya yi ritaya. Da na gama difloma sai na koya wa kaina gina shafukan intanet a kan wata tsohuwar kwamfuta, ina yi wa ƙananan makarantu da masu sayar da atamfa aiki. Abin da ya fitar da ni daga gida shi ne wani kwas na ƙirar manhaja, wanda aka ce a ƙarshensa ana tura ɗalibi kamfani ya koyi makamar aiki. A takardar talla, makarantar tana da fili da bishiyoyi da ɗakunan kwana. Maganar yare kuwa ba ta dame ni ba. A tunanina wanda ya tashi yana kallon finafinan Indiya a falon gidansu ba zai ɓace a can ba.

Kabiru ya sauke ni a wani masauki kusa da tashar jirgin ƙasa, ya karɓi kuɗin ɗakin kwanan makaranta da aka ce in damƙa masa hannu da hannu, ya ce da safe zai zo mu tafi tare. Na jira shi har azahar. Na kira, wayar a kashe. Daga ranar ban sake sa shi a ido ba.

Da tambaya na gano makarantar. Hawa biyu ce a saman wani shagon sayar da taya, warin roba har cikin aji. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta duba ta ga sunana, ta ce kuɗin karatu ya iso, amma ɗakin kwana ba su da shi, ba su taɓa samunsa ba, kuma ba su san wani Kabiru ba. Ta faɗi haka ne tana kaɗa kai gefe da gefe, irin kaɗawar da na daɗe ban gane ko "i" ce ko "a'a" ba. Ta ƙara da cewa dole in yi rajista a ofishin baƙi na gwamnati da wuri, kuma ba sa yi wa wanda ba shi da adireshi.

Nan na shiga neman ɗaki. A nan ne na gane Indiyancin da na koya a fim duk na soyayya ne da rantsuwa da ɗaukar fansa, babu ko kalma ɗaya ta haya. Ga shi kuma rabin mutanen garin wani yare daban suke yi. A waya komai lafiya lau, a ce ɗaki na nan, zo ka gani. Da na iso mai gida ya ɗaga kai ya kalle ni, sai ɗakin ya zama yanzun nan aka kama shi. Wani bai ma ɓoye ba, ya ce ba ya ba 'yan Afirka, ya rufe ƙofa a hankali kamar mai jin kunya. Na ga abin da ban taɓa gani ba a Kaduna: yara na bina suna leƙen fuskata, wani har ya taɓa hannuna ya duba yatsansa. Idan Baba ya kira daga gida, sai in gyara murya in ce komai daidai, ana ta karatu.

Wata rana bayan la'asar na zauna a wani ƙaramin masallaci na kasa tashi. Wani dattijo mai jan gemu, ya rina shi da lalle, ya gama lazimi ya matso kusa da ni. Da guntun Turanci da guntun Larabci da nuni da hannu ya fahimci halin da nake ciki. Ya ɗauki takalmana ya miƙo mini, ya yi gaba. Na bi shi.

Sunansa Yusuf, mai gyaran keken ɗinki ne. Kowa a layin yana ce masa Caca, wato baffa a yarensu. Ni kuwa bakina ya kasa kiran dattijo da caca, sai na riƙa ce masa Baba Yusuf, shi ma ya karɓa. Ya ba ni wani ɗaki a saman rufin gidansa, kusa da tankin ruwa, inda yake tara tsofaffin kawunan keke. Da kansa ya raka ni ofishin baƙi, ya zauna a benci har aka gama. Matarsa, wadda nake ce wa Umma, ba ta taɓa yi mini doguwar magana ba, amma kullum da yamma zan tarar da kwano a kan matakala, an rufe da faranti. Ran farko da na ci shinkafarta hawaye suka zubo mini. Rabin hawayen na barkono ne, rabi kuma tunanin masar da ake soyawa a bakin layinmu ne da miyar taushe. Da ta ga na bar saura, washegari sai ta rage yajin, ta haɗo da nono a ƙaramin kofi.

Karatun kansa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma siriri ne. Malamai na karanto abin da ke allo, mu kwafa. Da aka zo ƙarshe sai aka ce kowa ya nemo wa kansa kamfani. Ba za a ba da takardar shaida ba sai da shaidar aiki, kuma izinin zamana a ƙasar yana rataye ne da makarantar. Na aika neman aiki wurare da yawa, na je hira a wasu, ana ganina fuska ta canza. A ƙarshe wani ƙaramin kamfani ya ce in zo gwaji, in sun ga amfanina su riƙe ni har ƙarshen wa'adi, in ba su gani ba kowa ya kama gabansa.

Shugabar masu rubuta manhaja a wurin sunanta Padma, mace mai ɗan furfura a goshi, ba ta da yawan magana, ko abinci a teburinta take ci. Kamfanin yana da babban abokin ciniki ɗaya tak, wani asibiti mai zaman kansa. Sun gina musu shafi da nas-nas ke buɗewa a kwamfutar hannu. Kowane gado yana da akwatinsa a allo, a ciki ana ganin bugun zuciyar mara lafiya da numfashinsa, lambobin suna canzawa kowace daƙiƙa, a ƙasa kuma akwai wurin da nas za ta rubuta bayani. A kwamfutocin ofis shafin yana tafiya sumul. A asibiti kuwa ya zama abin tsoro. Nas za ta danna harafi, sai ta ɗaga kai ta jira kafin ya fito. Kwamfutar ta yi zafi kamar dutsen guga, caji ya ƙare kafin a canza masu aiki. Nas-nas ɗin sun fara komawa takarda da biro, asibitin kuma ya ce in ba a gyara kafin ƙarshen wata ba za su nemi wasu.

Sauran ma'aikatan suna can kan wani aiki da shi ma ya matse su, don haka Padma ta ɗora ni a kan wannan, ita tana leƙowa. Ban san ko amincewa ce ko rashin wani ba. Abin da na sani shi ne in asibitin ya tafi, wanda za a fara sallama shi ne ɗan gwaji.

Padma ta ga wayata a kan tebur, tsohuwa mai fasasshen gilashi wadda na zo da ita daga gida, ta ɗauka ta jujjuya. Na ɗauka dariya za ta yi. Sai ta ce daga yau a kanta zan riƙa gwada shafin, don ƙarfinta bai wuce na kwamfutocin asibitin ba. Sannan ta kunna mini wani abu a burauza, manhajar buɗe shafuka, wanda ke zagaye duk yankin da aka sake zanawa da koren layi. Ta ce in kalla kawai, kada in taɓa komai.

Na kalla. Allon gaba ɗaya yana walƙiya, kore, kore, kore, ba tsayawa. Bugun zuciyar gado ɗaya ne ya motsa, amma duk akwatunan gadaje sun haska, da sunan asibitin da ke sama, da agogo, da wurin rubutu, har da gadajen da ke can ƙasa waɗanda ba a ma ganinsu sai an ja shafin. Dalili kuwa shi ne yadda ake gina irin waɗannan shafuka. Yanki-yanki ne, babba na ɗauke da ƙanana. Idan bayanin da babban yanki ke riƙe da shi ya canza, sai ya sake zana kansa, ya kuma sa duk na ƙarƙashinsa su sake. Wanda ya fara gina shafin ya tara lambobin dukkan gadaje a yanki mafi girma, can a sama. Saboda haka duk numfashin da wani mara lafiya ya ja, shafin gaba ɗaya ake rushewa a sake ginawa, ita kuma nas harafinta na bin layi yana jiran a gama.

Na yi murna, don na san maganin, ko kuma na ɗauka na sani. Akwai wata dabara da ake kira memo. Kana naɗe yanki da ita, ka ce masa in abin da aka miƙo maka bai canza ba, kada ka motsa. Na bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya na naɗe su, har da waɗanda ba su buƙata. Na ɓata kwanaki a kai. Na kira Padma da fara'ata, na kunna.

Kore, kore, kore. Ko ɗigo bai ragu ba.

Ranar da ƙyar na hau matakalar gidan Baba Yusuf. Damina ta sauka, ruwa na ɗiga ta gefen rufin, na zauna ina kallon kwanon Umma ban buɗe ba. Na fara tsara yadda zan shiga Kurmin Mashi ba tare da maƙwabta sun tambaye ni takarda ba. Baba Yusuf ya hauro da bokiti ya tara inda ke yoyo, ya dube ni, ya buɗe kwanon da kansa ya tura mini gabana, ya tsaya har na fara ci sannan ya sauka.

Washegari Padma ta ja kujera kusa da ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta nuna mini cewa duk lokacin da babban yanki ya sake zana kansa, yana ƙirƙirar sabon ƙunshin bayani ne ya miƙa wa kowane akwati. Abin da ke ciki bai canza ba, amma ƙunshin sabo ne, shi kuma memo ƙunshi yake dubawa, ba ya kwancewa ya ga ciki. Don haka kullum sai ya ce ai sabon abu ne, a sake. Ta ce ana iya gyara wannan, a riƙa miƙa tsohon ƙunshin in ba abin da ya canza, amma kafin nan tana da tambaya.

"Me ya sa na sama yake buƙatar sanin bugun zuciyar gado na bakwai?"

Na ce ba ya buƙata. Abin da yake buƙata kawai shi ne ya san gadaje nawa ne da jerinsu.

"To," in ji ta, ta tashi ta koma teburinta.

Daga nan aikin ya zama na haƙuri. Na kwance yawancin memo ɗin da na naɗa, na bar shi a inda awo ya nuna yana da amfani. Na sauko da bayanin ƙasa, kowane akwati ya riƙa sauraron lambobin gadonsa shi kaɗai. Wurin rubutun nas na ware shi ya riƙe harufansa da kansa, kada ya tayar da kowa, kada kowa ya tayar da shi. Gadajen da ba sa cikin allo na hana a zana su sai an ja an iso kansu. Duk canjin da na yi sai in auna a tsohuwar wayata, in ga koren ya ragu ko bai ragu ba.

Ana cikin haka na ci karo da abin da ya sa gabana ya faɗi. Shafin yana sake jera gadaje, wanda jikinsa ya fi tsanani ya hau sama. Amma akwatunan da matsayinsu a layi ake gane su, na ɗaya, na biyu, na uku, ba da lambar gado ba. Na fara rubutu a akwati na uku, na sa jerin ya canza, sai ga rubutuna zaune a wurin, sunan da ke kansa kuma ya zama na wani. Ma'ana nas za ta iya fara bayani a kan mutum ɗaya ta ƙarasa a kan wani. Na nuna wa Padma. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki waya ta kira asibitin da kanta, ta ce a dakatar da rubutu a shafin sai mun zo. Gyaran layi ɗaya ne, a ba kowane akwati lambar gadonsa ta zama shaidarsa.

A makon ne Baba ya kira daga gida ya ce wai ni me nake gyarawa ne da ba na samun lokacin waya. Na rasa ta inda zan fara, sai na tuna masa zamanin tafireta a ofishinsu, yadda harafi ɗaya in ya ɓaci sai a zare takarda a sake buga shafin tun daga sama. Na ce to haka kwamfutar nan take yi, ni kuma ina koya mata ta gyara harafin kawai. Ya yi dariya ya ce su ma sai da farin ruwan nan na goge kuskure ya zo suka huta. Ya sa mini albarka. Bai san a kan siraɗi nake ba.

Ranar gwaji da safe muka je asibitin, ni da Padma. Umma ta tsayar da ni a ƙofa ta cusa mini dabino a aljihu, ta tofa mini addu'a a ka. Babbar nas ɗin ɗakin sunanta Sista Mariyam, gajeruwa mai kaifin ido, ita ce ta fara ajiye kwamfutar ta koma biro, sauran suka bi ta. Ta karɓa daga hannun Padma kamar an miƙa mata abin da ya taɓa cizonta. Ni ko kallona ba ta yi ba. Ɗakin a cike yake, injuna na ƙara, lambobi na ta motsi a allo.

Ta tsaya a kan wani tsoho da aka sa wa robar numfashi, ta fara rubutu da yatsa ɗaya. Na ga ta danna harafi ta ɗaga kai don ta jira, yadda ta saba. Harafin ya riga ya fito. Ta sake dannawa. Sai ta sa yatsu biyu. Wata ƙaramar nas ta zo da tambaya, ta amsa mata ba tare da ta daina rubutun ba. Ana haka jikin wani a can ƙarshen ɗaki ya motsa, gadonsa ya hau saman jeri, akwatin tsohon ya sauko ƙasa, rubutunta ya biyo shi. Ta gama, ta adana, ta wuce gado na gaba, da na gaba. Muna biye da ita kamar 'yan rakiya. Da ta zagaye ɗakin ta juya bayan kwamfutar ta ɗora a kumatunta ta ji ko ta yi zafi. Sannan ta dubi Padma.

"Rubutun ya yi ƙanana. Ba kowa ke da idon yara ba. Ku ƙara masa girma."

Ta saka kwamfutar a aljihun rigarta ta tafi, biron kuma ta bar shi a kan tebur.

Na ce wa Padma ina zuwa. Na fita na sami matakalar baya inda ba kowa, na zauna, na haɗa kai da gwiwa. Ban yi kuka ba, numfashi kawai nake saukewa, wani na bin wani, kamar wanda ya sauke buhu bayan doguwar tafiya. Na ce alhamdu lillahi ban san iyaka ba. Da na dawo Padma na tsaye a bakin mota tana duba waya. Ba ta ce na yi ƙoƙari ba. Ta ce gobe in fara da girman rubutun, bayan shi akwai shafin ɗakin magani, shi ma haka yake walƙiya, zai kai mu har ƙarshen wa'adina. Ta kaɗa kai gefe da gefe. A lokacin na riga na san wannan "i" ce.

Na gama wa'adina, na karɓi takardata, na dawo Kaduna. Yanzu ina aiki daga wani ɗan ofis a Unguwar Sarki, yawancin masu buɗe shafukan da nake ginawa da ƙananan wayoyi suke buɗewa, a kasuwa ko a cikin keke, don haka ba na miƙa aiki sai na kunna koren layin nan na zauna na kalla.

Sai da na kwana biyu a gida na ba su labarin gaskiya, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar. Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Mama kuwa ba ta tsaya kan Kabiru ba, ba ta tsaya kan asibiti ba. Ta ce in kira mata matar nan yanzu, ta bidiyo. Na ce Mama, ba ta jin Hausa, ke kuma ba kya jin nasu, ni ma ba zan iya fassara muku ba. Ta ce in kira dai.

Baba Yusuf ya ɗauka, ya yi ta murna, ya miƙa wa Umma. Mama ta gyara mayafi, ta karɓi wayar da hannu biyu. Suka kalli juna. Mama ta fara magana da Hausa, tana godiya, tana jero addu'a. Umma na amsawa da nata yaren, tana share ido da gefen gyale. Babu wadda ta saurara don ta gane abin da ɗayar ke faɗi. Can sai Mama ta miƙo mini wayar ta ce in riƙe mata, ta ɗaga tafukanta sama. A allon na ga Umma ma ta ɗaga nata. Da suka shafa, kalma ɗaya suka faɗa, a tare.

"Amin."